Laifin hannu ne, ko laifin kaya?

Yau ina so mu zauna kan wata tambaya wadda ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Ga ta. Idan mutum gwani ne a sana'arsa, aka miƙa masa kayan aikin da bai taɓa riƙewa ba, aiki ya ɓaci a hannunsa, laifin wa ke nan? Laifin hannunsa ne, ko laifin kayan? Kuma abin kunya ne a ga babba yana tuntuɓe kamar yaro?

Kada ka ce tambayar ba ta shafe ka ba. Ka tuna ranar da ka fara riƙe alli ko bik. Hannun nan naka da yake yini da hauya bai gaji ba, sai ga shi yana rawa saboda ɗan abin da bai kai karan dawa nauyi ba. Ke ma da kike daka gero turmi uku kafin hantsi, kin san yadda yatsu suka ƙage ranar da kika fara rubuta sunanki.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na ga mutane da yawa sun bar makaranta alhali karatu bai fi ƙarfinsu ba. Dariya aka yi musu rana ɗaya, ba su sake dawowa ba. Shi ya sa nake ganin maganar tana da nauyi. Zan kawo ta ta hanyar zane da launi, domin a nan ne ni kaina na gane ta.

Abin da ya faru a makarantarmu

Wata shekara, da rani, muka samu kayan zane kaɗan: fensir masu launi, da wasu ƴan akwatuna na fentin ruwa. Shi fentin ruwa ƙananan dunƙule ne busassu, jere cikin akwati, kowane da launinsa. Ana jiƙa ɗan burushi da ruwa, a goga a kan dunƙulen, a shafa a takarda. Na yi murna ƙwarai. Bayan la'asar na raba kayan, na ba kowa takardar kaye guda, na ce kowa ya zana abin da ya fi sani, ya sa masa launi. Iyakar bayanin da na yi ke nan.

A cikin ɗalibaina akwai wani dattijo marini. Tun yana yaro yake karofi, a wurin mahaifinsa ya koya. Hannuwansa sun rine har gwiwa, ko ya wanke da sabulu ba sa fita. Duk yankinmu ba wanda ya kai shi sanin shuni. Ya ce shi babbar riga zai zana, shuɗiya, irin wadda yake rinawa.

Ya zana rigar da fensir, ta fito sarai. Sannan ya tsoma burushi a ruwa, ya goga a kan shuɗi, ya shafa. Launin ya fito fayau, kamar ruwan wankin tufafi. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, takarda tana jiƙe. Ruwa ya taru, ya tsallake layin da ya ja, ya gangara har ƙasan takarda. Ya danna burushi don ya tsai da shi, takarda ta tattare, ta huje a tsakiya.

Wani saurayi ya leƙo ya ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga mai shuni ya kasa shuni!" Aka fashe da dariya. Ni ban yi dariya da ƙarfi ba, amma na yi murmushi, kuma dattijon ya gani. Ya naɗe takardarsa, ya sa aljihu, ya ce, "Malam, wannan kayan yara ne. Ba na manya ba ne." Washegari bai zo ba. Aka yi mako guda ba a gan shi ba.

Na je karofi

Abin ya tsaya mini a rai. Ran kasuwa da safe na tafi karofi na iske shi yana motsa rijiyar rini da doguwar sanda. Na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ban haƙuri ne. Ban kyauta ba." Bai ce komai ba sai da ya gama abin da yake yi. Sannan ya yago ɗan ƙyalle fari, ya miƙo mini ya ce, "Malam, tunda ka zo, rina mini wannan."

Na naɗe hannun riga, na tsoma ƙyallen, na ɗan murza shi cikin ruwan, na fito da shi. Sai na ga ya fito tsanwa-tsanwa, da ɗan rawaya, ba shuɗi ba. Na ce, "Baba, ya ɓaci. Ko ruwan ne ya mutu?" Yaran da ke koyon aiki a wurinsa suka fara ƙunshe dariya. Ya harare su, suka yi shiru. Ya ce, "Riƙe shi a iska. Kada ka yi komai."

Na riƙe. Ina kallo, a gaban idona, tsanwar nan ta fara juyawa. Kafin a gama gaisawa da mutum biyu ƙyalle ya zama shuɗi. Ya ce, "Ka gani? Shuni ba ya nuna kansa a cikin ruwa, sai ya sha iska. In kana son ya yi duhu, ba ka barin shi ya daɗe a ciki. Kana tsomawa, ka fitar, ya sha iska, ka sake tsomawa. Sau nawa? Gwargwadon duhun da kake nema. Mai gaggawa ba ya rini."

Na ce, "Baba, to ai fentin nan haka yake. Ana shafawa sau ɗaya, a bari ya bushe, sannan a ƙara wani a kansa. Ta haka yake yin duhu." Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Don me ba ka faɗa mini haka ba ran nan?"

Ban samu amsa ba. Gaskiyarsa ce. Mutumin nan ya san dokar jira fiye da ni. Shekara da shekaru yana aiki da ita. Abin da bai sani ba shi ne, dokar tana aiki a kan takarda kamar yadda take aiki a kan zane. Ni kuwa da na karanta wannan a makarantar horon malamai, na tsaya a bakin rijiyarsa ina cewa rini ya ɓaci. Kowannenmu ya zama yaro a gidan ɗan uwansa. Bambancin kawai, shi ya hana a yi mini dariya.

Kowane kaya da halinsa

Ɗan uwa, kayan aiki kamar mutane suke, kowane da halinsa. In baƙo ya sauka gidanka, ba ka ɗora masa aiki ranar da ya zo. Kana gaishe shi, ka tambayi daga inda ya fito, ka lura da abin da yake so da wanda ba ya so. Haka ya kamata a yi wa sabon kayan aiki. Bari in faɗa maka halin waɗannan kaya, ko wata rana za su faɗo hannunka ko hannun ɗanka.

Fentin ruwa yana bin ruwa duk inda ya tafi. In ka shafa ja kusa da shuɗi tun bai bushe ba, za su shiga juna, su ɓata maka iyaka. In ya bushe, yakan fi haske bisa yadda ka gan shi yana jiƙe, kamar yadda jiƙaƙƙen zane ya fi busasshe duhu. Da hunturu yana bushewa nan da nan, da damina yana ɗaukar lokaci. Siririyar takarda ba ta jure masa, tattarewa take yi. Sannan babban abu: ana farawa da mai haske, a ƙare da mai duhu. Inda kake son fari, sai ka bar takardar yadda take tun farko, domin in ka rufe shi ba ya dawowa kamar da.

Da na faɗa wa dattijon wannan, sai ya yi dariya ya ce, "Ai ɗauri ke nan." Marini in yana son wani wuri ya zauna fari a jikin zane, yakan ɗaure wurin tam da zare kafin ya tsoma. Farin zane yana zama shuɗi, amma shuɗi ba ya komawa fari. Dole ka san inda farinka zai zauna tun ba ka fara ba. Magabata sun ce, tun ran gini ran zane.

Fensir mai launi kuwa halinsa daban. Ba ya gudu, inda ka ajiye shi nan yake zama. Amma ba ya son ƙarfi. In ka danna shi, bakinsa ya karye, ko kuwa wurin ya yi santsi har wani launi ya kasa hawa kansa. Ana shafa shi a hankali, sama-sama, a maimaita. Kuma ba ya gogewa sarai kamar baƙin fensir na rubutu. Manomi da ya saba da cewa ƙarfi ke sa hauya ta ci ƙasa, a nan sai ya koyi sassauta hannu.

Akwai kuma haɗa launi. Wata rana muka ce za mu zana tutar ƙasarmu Nijar, wadda aka tsayar a shekarar 1959: ruwan lemu a sama, fari a tsakiya da ƙwallon ruwan lemu, tsanwa a ƙasa. Muka duba wani ƙaramin akwati, babu ruwan lemu. Wata mata ta ce to a sa ja kawai. Na ce a'a, ɗebo rawaya da yawa, ki ɗiga ja kaɗan. Ta haɗa, ruwan lemu ya fito, ta yi guɗa. Haka shuɗi da rawaya suke ba da tsanwa, ja da shuɗi su ba da launin da ke tsakaninsu. Amma in ka ce bari in zuba duka don ya fi kyau, ruwan taɓo za ka samu. Miya ma in an zuba mata duk abin da ke kasuwa ba ta shayuwa.

Ashe baƙon ɗan gida ne

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Ka san yadda malaman allo suke haɗa tawada: a samu baƙin gawayi ko na tukunya, a niƙe, a haɗa da ƙaro da ruwa. Ƙaron shi ke riƙe baƙin ya manne a allo ko takarda. To, fentin ruwa na gaske, wanda ake yi a masana'antun Turai da Asiya, haɗinsa ke nan: garin launi da ƙaro. Ƙaron kuwa daga ƙasashenmu na Sahel ake saye. Sudan ce ta fi kowa fitar da shi, sai irin su Cadi da Nijeriya, mu ma a Nijar muna da itacen ɗakwara da ke zubar da shi. Wato abin da ya tsorata dattijon nan, har ya ce ba nasa ba ne, ɗan uwan tawadar da ya yi rubutu da ita ne yana almajiri. Ƙaron dajinmu ne ya yi tafiya, ya dawo cikin akwati da sabuwar riga.

Mu ba baƙin launi ba ne. Dubi dukawa. Suna jeme fata da bagaruwa, su rina ta ja da karan dafi. Dubi mata da lalle: ganyensa tsanwa ne, amma a hannu ja yake bayarwa, shi ma sai an ƙunsa an jira. Dubi gidajen unguwar Birni a Damagaram, da zanen da magina suka yi a fuskar soro. Dubi rawanin shuni mai ƙyalli da ake rinawa a garin Kura ta ƙasar Kano, a buga shi har ya yi walƙiya, a kai shi Agadas wurin Buzaye. Dubi malaman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, su ƙawata shi da zayyana. Duk wannan ilimin launi ne, kuma babu wanda ya koye shi a rana ɗaya.

Saboda haka, wanda ya kasa fentin akwati a ranar farko, ba a ce masa jahili. Hanya ɗaya ya sani zuwa kasuwa, aka bi da shi ta wata.

To, ina laifin yake?

Mu koma kan tambayarmu. In aiki ya ɓaci, akwai wurare huɗu da ya kamata a duba kafin a yanke hukunci.

Na farko, kayan. Kada mu yi ƙarya, wani lokaci laifin kaya ne. Akwai fensir na arha wanda ana feƙewa yana karyewa har ya ƙare. Akwai fentin da launinsa ba shi da ƙarfi ko ka yini kana gogawa. Takardar kaye da na raba ran nan ba ta dace da fentin ruwa ba, ko gwanin zane aka ba, sai ta tattare. Mutumin da kullum yake ɗora wa kansa laifi, ko da kaya ne marasa kyau, shi ne ɗan kasuwa maƙetaci ke so, domin ba zai taɓa mai da kaya ba. Faɗin gaskiya game da kaya haƙƙinka ne. Amma sai ka gwada, ka sake gwadawa, ka ga yadda suke yi a hannun wani, kafin ka ce ba su da kyau.

Na biyu, jiki. Akwai wani magidanci a cikin ɗalibaina da ya zana gonar gero, ya shafe ganyen da launin jar ƙasa. Na ɗauka wasa yake yi. Na ɗauko fensir biyu, ja mai duhu da tsanwa mai duhu, na ce ya nuna mini tsanwa. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi kusan ɗaya yake ganinsu. Haka Allah ya halicci idonsa. Ba ciwo ba ne mai yaɗuwa, gado ne, kuma maza ya fi kamawa. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 haka yake. A ƙasashenmu ba su kai haka yawa ba, amma akwai su. Wani masani ɗan Ingila mai suna John Dalton ya yi bayanin abin a shekarar 1794, domin shi kansa da ɗan uwansa haka suke gani, kuma wannan bai hana shi zama babban masani ba. Yi wa irin wannan mutum dariya zalunci ne. Abin da muka yi masa, muka rubuta sunan kowane launi a jikin fensir. Inda ido ya gaza, karatu ya taimaka.

Na uku, mai koyarwa. Wannan nawa ne, na riga na faɗa maka. Na raba kaya ban ce kowa ya gwada a gefen takarda ba tukuna. Ban tambayi dattijon abin da ya sani ba, alhali da na tambaye shi, da shi zai koyar da darasin. Duk wanda ya miƙa wa mutum sabon abu, ko malami ne, ko ma'aikacin gona, ko ɗa da ya sayo wa mahaifiyarsa waya, akwai haƙƙi a wuyansa. Ya zauna da shi, ya fara daga abin da mutumin ya riga ya sani, kuma ya tsare masa mutuncinsa a gaban jama'a.

Na huɗu, zuciya. Wannan shi ne mai wuyar faɗi. Dattijon ya ce kayan yara ne. Shin haka ya gani a ransa? Bayan mun saba, shi da kansa ya ce mini a'a. Ya ce, "Malam, shekara arba'in ba wanda ya gyara mini aiki. Ran nan na ji kamar an tuɓe mini rawani a kasuwa." Ka ga, kunya ce ta yi magana da bakinsa. Gwani ya fi kowa jin zafin kuskure, domin ya manta ɗanɗanonsa. Yaro yana faɗuwa sau goma ya tashi yana dariya. Babba kuwa yana da sunan da yake tsoron ya zube.

A ganina kuskuren ranar farko ba laifi ba ne ko kaɗan. Kuɗin shiga ne, kowa sai ya biya. Laifi yana farawa daga abin da ya biyo baya: in mai kallo ya yi dariya, in mai koyarwa ya yi shiru, ko in mai koyo ya zagi kaya don ya rufe kunyarsa, ya juya baya. A ranar nan mu uku duka mun taɓa laifi, da saurayin, da ni, da dattijon. Fenti kam halinsa kawai ya nuna.

Wani zai ce, ina amfanin wannan?

Na san akwai mai cewa, "Malam, mu karatu muka zo nema da lissafi, don kada a cuce mu a ma'auni. Me ya haɗa mu da shafe-shafen launi?" Tambaya ce mai kyau, ga amsata.

Launi ma rubutu ne, kuma akwai inda rai ke rataye da shi. Ka san ɗan madaurin nan da ake auna damtsen yaro da shi, daga mai wata 6 zuwa shekara 5. Yana da tsanwa, da rawaya, da ja. In awo ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaron yana cikin haɗarin tamowa, sai a kai shi gidan likita ba jira. In rawaya ne, a tashi tsaye. Haka kuma kwalaben maganin ƙwari na gona, da yawansu akwai layin launi a ƙasan takardarsu: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai tsanwa, ko da yake mai tsanwar ma guba ne, ba a wasa da shi. Wanda ya taɓa zama ya zana waɗannan da hannunsa, ya rubuta ma'anarsu a ƙasa, ba zai manta ba. Zane kuma yana sassauta yatsu, ya sa rubutu ya yi sauƙi.

Wani kuma zai ce, "To don me za mu bar namu mu kama na wasu?" Ba wanda ya ce a bari. Bayan dattijon ya dawo, mun haɗa namu fentin a makaranta. Muka niƙa jar ƙasa, da farar ƙasa, da gawayi, da ɗan shunin da ya kawo, muka tace da ƙyalle, muka haɗa kowane da ruwan ƙaro. Muka daddaƙe bakin ɗanyen tsinke ya zama burushi. Muka yi amfani da bayan kwali maimakon takardar kaye. Bai kai na akwati haske ba, amma ya yi aiki, ba mu kashe ko dala ba. Wanda ya san nasa kuma ya san na wasu, shi ke da zaɓi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, amma ƙafafun naka ne.

Kuma kada ka raina aikin da ya ɓaci, ka duba shi tukuna. A shekarar 1856, a birnin Landan, wani saurayi mai shekara 18, sunansa William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kinin, maganin zazzaɓin sauro. Bai samu ba. Wani baƙin datti ne ya taru masa a gindin kwalba. Maimakon ya zubar, sai ya tsaya ya bincika, ya ga dattin yana ba da launi mai kyau tsakanin ja da shuɗi, kuma yana kama siliki. Daga nan aka shiga yin rini a masana'anta. A shekarar 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta. Wannan ya kawo arha, ya kuma karya manoman baba a Indiya, daga baya ya taɓa marinan ƙasashenmu. Sabon abu yana zuwa da daɗinsa da ɗacinsa. Amma ka lura, mafarin duk wannan shi ne yaro ɗaya da bai gudu daga kuskurensa ba.

Yadda aka ƙare

Dattijon ya dawo makaranta ran Litinin. Na ba shi wuri a gaban allo, ya yi wa ƴan aji bayanin tsomi da shan iska, da ɗauri, da yadda jiƙaƙƙen zane ke ruɗin ido. Saurayin da ya yi masa dariya ya tashi ya ce, "Baba, a gafarce ni." Ya ce, "Ba komai, ɗana. Riƙe mini kwanon ruwa." Ya zana rigarsa a bayan kwali. Ya shafa sau ɗaya, ya ajiye burushi, ya ɗauko goro ya ɓantara. Da ta bushe ya ƙara. Sau biyar ya yi haka. Ya bar farin aska a ƙirjin rigar bai taɓa shi ba. Ba zan ce maka ta yi kyau kamar wadda yake rinawa ba, hannunsa bai gama sabawa ba, gefe ɗaya ya ɗan zarce layi. Amma duk wanda ya gani ya san babbar riga ce, kuma ya san marini ne ya yi ta. Ya ƙare shekarar tare da mu, ya iya rubuta sunayen masu kawo masa rini da kuɗin da yake bin kowa.

Ɗan uwa, in sabon abu ya zo hannunka, ko fenti ne, ko bik, ko ma'auni, ko waya, ka gwada shi a gefe tukuna inda ɓarna ba ta da tsada. Ka tambayi wanda ya riga ka, matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi kanka kuma: a cikin abin da na sani, mene ne ya yi kama da wannan? Sau da yawa za ka iske rabin ilimin yana hannunka tun da. In ka ga wani yana tuntuɓe, musamman babba, ka riƙe dariyarka, gobe kai ne a bakin rijiyarsa. Gemu ba ya hana neman ilimi.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a makarantarku. Wane kayan aiki ne ya taɓa ba ka kunya ranar farko, kuma yaya kuka ƙare da shi? Akwai wanda ya bar makarantarku saboda an yi masa dariya? In akwai, wa zai je gidansa a wannan mako?

Ku rubuto mana amsarku da hannunku, ko da layi biyu ne. Allah ya ƙara mana sani, ya ba mu haƙurin koyo da haƙurin koyarwa. Sai wani jiƙon. Wassalam.